Hular Ɗan Masunta

Tun kaka da kakanni mahauta da masunta ke tsokanar juna a ƙasar Hausa. Mahauci ya ce masunci ƙarni yake, masunci ya ce mahauci sarkin ƙuda ne, a yi dariya a watse, kuma wanda ya yi fushi da abokin wasa shi ya faɗi. Ilya ɗan mahauta ne gaba da baya, a rumfar fawa ta Tasawa ya buɗe ido, kuma ko da boko ya ɗauke shi ya kai shi Lyon, bai bar wannan al'ada a filin jirgi ba. Abin da ya rasa kawai shi ne masuncin da zai tsokana.

Sai Allah ya kawo masa shi har ɗaki. Lokacin da yake karatun dokta ya yi haya a wani dogon bene a Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon, tare da wani ɗalibi ɗan Indonesiya, Hadi Darmawan, siririn mutum mai sanyin magana wanda ba ya rabuwa da wata baƙar hula ta karammiski irin ta mutanensu. Wata rana suna cin abinci Hadi ya ce ubansa masunci ne a wani ɗan tsibiri. Ilya ya ajiye cokali, ya miƙa hannu, ya cire hular daga kan bawan Allah.

"Ashe bawana ne kai ban sani ba!"

Hadi ya yi tsuru-tsuru, yana tsammanin abokin zamansa ya taɓu. Sai da Ilya ya zaunar da shi ya karanta masa dokar wasan. Ɗan mahauta yana da ikon ɗauke hular ɗan masunta. Mai hula ba ya fushi, ba ya kuma sa wata sai ya fanshi tasa, in ya biya kuwa hannu da hannu ake mayar masa. Gaskiyar magana, rabin dokar ne ya zo daga Tasawa, sauran rabin Ilya ya ƙirƙire shi nan take saboda yunwa, don fansar da ya yanka ita ce soyayyiyar shinkafar da Hadi ya ƙware a kai, mai yaji har kunne. Wasan ya shiga ran Hadi. Da Faransanci suke hira, amma ya koyi Hausa daidai ta ramuwa: ya iya kiran Ilya "Barunje", sunan da ake wa mahauta, ya kuma iya tambayar "nawa ne?" in an raba shi da hularsa.

Su biyun duk a kan makarantun ƙauye suka yi bincike. Na Hadi a kan ƙananan makarantun tsibirai ne, irin wadda shi kansa ya yi: ɗaki ɗaya a kan turaku a bakin teku, malami ɗaya, yara su zo a kwalekwale da littattafai cikin leda. Ranar da ya kare kundinsa gaban manyan malamai, da ya zo kan sunan malaminsa na farko sai hawaye ya zubo masa. Ilya na bayan ɗaki yana share ido da hannun riga yana cewa mura ce.

Daga nan hanya ta rabu. Hadi ya koma gida ya koyar, ya rubuta littattafai, aka ba shi shugabancin jami'a, talabijin ta san fuskarsa. Wata safiya Ilya ya buɗe waya ya ga an rantsar da bawansa ministan ilimi, ga baƙar hula a kai. Don murna ya je shagon Garga, wani mahauci ɗan Cadi da ke unguwarsu, ya sayi rago sukutum ya raba wa maƙwabta. Amma mulki akwai toshe kunne. Wayar da ake yi duk mako ta koma ta ranar Sallah, ta Sallah ta koma gaisuwar da sakatare ke aikowa. Ilya kuwa yana nan inda aka bar shi, yana koyarwa a wata jami'a a Lyon a kan kwantiragin shekara-shekara, gemu ya fara furfura, duk bazara yana jiran a ce masa an sabunta.

Ana haka sai ga Wulan. Ɗalibar dokta ce 'yar ƙasar Hadi, gwamnatinsu ke ɗaukar nauyinta, Ilya ke duba aikinta. Ta je gida bincike ta tarar da sabon tsarin minista: an rufe ƙananan makarantun tsibirai an haɗe su a manyan garuruwa, wai don inganci. Ta bi tsibiri-tsibiri ta ga yaran da aka ce su riƙa tsallaka teku kullum sun koma jan taru tare da iyayensu, har a tsibirin da aka binne cibiyar ministan. Ta rubuta abin da ta gani a jarida, ba zagi ba ƙari. Ba a jima ba minista ya sa aka yanke tallafinta, aka ce ta tattaro ta koma gida. In babu tallafi, ba za a sabunta mata takardar zama a Faransa ba, in ba takarda kuwa aikin shekaru ya bi ruwa, ga shi saura ƙiris ta kammala.

Ta same shi a ofis, ta ƙi zama.

"Pak Ilya," ta ce, don haka mutanensu ke girmama babba, "ba kuka na zo yi ba. Tambaya ɗaya ce. Akwai ƙarya a abin da na rubuta?"

"Babu."

"An ce in na janye na nemi gafara za a duba lamarina."

"Kada ki janye."

Da sauri ya faɗa, sai bayan ta fita ya tuna ba shi da abin da zai ba ta a maimakon. Ya buga waya Jakarta har ya gaji. Kullum muryar sakatare ce mai daɗi kamar zuma, mai girma minista yana taro, za a isar da saƙo. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya san Hadi ya ga sunansa, kuma ya san dalilin kiran.

Sai Monique, shugabar sashensu, ta kira shi tana ta fara'a. Mace ce mai kirki wadda ta daɗe tana neman yadda za ta tsugunar da Ilya. Ta ce ministan zai zo Paris ya sa hannu a yarjejeniya da wasu jami'o'i, tasu za ta sami sabuwar cibiyar bincike, kuma kujerar dindindin ta cibiyar Ilya aka ware wa. Ƙari a kan haka, shi zai gabatar da baƙon a gaban taro, tunda tsohon abokinsa ne.

"Ilya, je t'en prie, ina roƙonka," in ji ta, "ka gabatar da shi, ka yi murmushi, ka zauna. Maganar Wulan a bari sai tawada ta bushe."

"Kafin tawada ta bushe takardarta ta mutu."

"Shekara nawa kake jiran kujerar nan?"

Ta fi shi sanin amsar.

Ana gobe tafiya, matarsa Hapsatou, 'yar Garwa, mace mara ɓoye-ɓoye, tana goge masa babbar riga tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Baban Fatsima, na san wannan shirun naka. Me kake ƙullawa?"

"Gaisuwa zan kai wa tsohon aboki."

"Gaisuwa. Ka dai san tsuntsun da ya ja ruwa..."

"Shi ruwa kan doka. Na sani."

Ta ajiye dutsen guga, ta riƙe ƙugu. "Ni ban hana ka ba. Yarinyar nan ta ci tuwona, kuma na ga idonta. Amma in za ka yi, ka yi shi gaba ɗaya. Kada ka je ka yi rabi ka dawo mana ba kujera ba mutunci."

Da sassafe ya hau jirgin ƙasa. Bai so a yi abin a bainar jama'a ba, Allah ya sani, don haka yana sauka Paris ya wuce otal ɗin da aka sauki ministan, ya nemi a ba shi ko da tsayuwa ce a bakin ƙofa. Wani jami'i mai waya a kunne ya dube shi sama da ƙasa, ya ce mai girma zai gan shi a kan dandamali. Ilya ya juya. Ya tafi Goutte d'Or, unguwar 'yan Afirka, ya yi azahar, ya bi ta layin mahauta yana shaƙar warin ɗanyen nama kamar wanda ya je gida. Nan ya tuna maganar ubansa a mayanka: dabbar da ka riga ka kayar, kada hannunka ya yi rawa, rawar hannun ita ce zaluncin.

Zauren taron ya cika da shugabannin jami'o'i da 'yan jarida. Hadi ya shigo cikin rakiya. Ya yi ƙiba, tafiyarsa ta yi nauyi, amma hular dai irin ta dā ce, baƙa wuluk, a zaune daram. Da ya ga Ilya a kan dandamali sai fuskarsa ta washe, ya rungume shi, ya raɗa masa a kunne, "Barunje, ka tsufa." Zuciyar Ilya ta karye a lokacin, don muryar ba ta canja ba, kuma yana son mutumin nan har ga Allah.

Ya tsaya gaban makirufo ya fara yadda Monique ke so. Ya faɗi digirorin baƙon da littattafansa da muƙamansa. Ya ba da labarin ɗaki ɗaya a kan turaku da yaron da ke zuwa a kwalekwale, mutane suna gyaɗa kai, masu hoto suna aikinsu. Sannan ya ce, "A ƙasarmu, ɗan mahauta yana da wata gaisuwa da yake wa ɗan masunta." Ya taka zuwa inda ministan ke zaune, ya miƙa hannu, ya cire hular.

Zaure ya yi tsit. Masu tsaro biyu suka zaburo. Monique ta dafe ƙirji. Ga minista zaune da sanƙo yana sheƙi a ƙarƙashin fitila, abin da mutanen ƙasarsa ba su taɓa gani a hoto ba. Sai Hadi ya ɗaga hannu ya tsayar da masu tsaron, dariya ta ƙwace masa, irin ta ɗakin haya. Ya jawo makirufo ya yi wa taro bayanin wasan da Faransancinsa mai laushi, har da labarin shinkafa. Jama'a suka saki jiki suka yi tafi, ana ganin an shirya abin ne. Ya juyo ga Ilya ya ce da Hausa, yana jan kalmomin kamar dā, "Nawa ne?"

Ilya ya amsa da Faransanci, da ƙarfi, don na bayan zaure ya ji.

"Yau ba shinkafa ba ce. Akwai 'yar masunta a Lyon, sunanta Wulan. Ta je tsibirinku ta tarar an rufe makarantar da ta yi ka, ta rubuta, ka yanke mata karatu. Fansar hularka ita ce ka bar ta ta kammala, ba tare da ta janye ko harafi ɗaya ba."

Tafin ya mutu a hannun masu yin sa. Hadi ya ture makirufo gefe, ya miƙe, ya matso har numfashinsu na haɗuwa. Dariyar ta tafi.

"Wannan ya wuce wasa, Ilya."

"Wasan ke nan. Dā ma don irin yau aka yi shi, shinkafa ta ɗanɗano ce."

"Ba ka san abin da ke kaina ba. Tsibirai dubbai ne, malamai ba su isa ba. In na ƙyale ta, gobe ɗari za su rubuta."

"Su rubuta mana. Kai me ya kai ka inda kake, jan taru?"

Hadi ya dubi hular a hannun Ilya, ya daɗe yana dubanta. Wani daga cikin jami'ansa ya lallaɓo da wata sabuwa da ya ciro daga jaka, don manya ba sa tafiya da hula ɗaya. Hadi ya kalle ta, ya girgiza kai, ya ce wa Ilya a hankali, "Riƙe ta. Ba zan biya ba." Ya je ya yi jawabinsa da kai a buɗe, ya sa hannu a takardu da kai a buɗe, ya fita bai waiwayo ba.

Monique ta tsare Ilya a bakin matakala, idonta ya yi ja. "C'est fini, taka ta ƙare, ka sani ko? Ko ni ba zan iya ceton ka ba."

"Na sani. Ki yafe mini wahalar da kika sha a kaina."

Ya koma Lyon da hular minista cikin aljihun babbar riga. An buɗe cibiyar, an ba wani kujerar. Da kwantiraginsa ya ƙare aka rage masa awoyi har suka zama ba su isa cefane ba, aikin Wulan kaɗai aka bar masa don ba mai son taɓa shi. Ilya bai tsaya jiran tausayi ba. Ya je wurin Garga ya ce a ba shi wuƙa. Garga ya yi ta rantsuwa ba zai sa dokta fawa ba, sai da ya ga yadda Ilya ya raba cinyar saniya da ƙashi kamar mai warware rawani, sannan ya miƙa masa rigar aiki. Hular kuwa aka rataye ta a ƙusa a bayan kantar shagon, sama da ma'auni.

Wulan ta saki ɗakinta ta dawo gidan su Ilya, tana kwana tare da 'yarsu Fatsima. Ba ta gode masa ba da farko. Ta ce ya mayar da ita abin kallo, yanzu ko gida ta koma ba mai ɗaukar ta aiki. Ilya ya haɗiye, don ta faɗi gaskiya, kuma abin ya fi rasa kujerar yi masa ciwo. Amma ba ta janye ba. Ta zauna a teburin cin abincinsu tana rubutu kamar mai faɗa da takarda, ranar mutuwar takardar zamanta tana matsowa.

Hapsatou ce ta fara lura. Wata rana ta zo shago da waya a hannu ta ce, "Malam, dubi bawanka." Hoton Hadi ne a majalisar ƙasarsu, kowane namiji da baƙar hula, shi kaɗai kai a buɗe. Ta shafa wayar ta nuna wani, yana buɗe makaranta cikin rana tsaka, sanƙo na zufa. Ga wani a masallacin Juma'a. Wulan ta ce jaridun gida har sun fara tambaya ko minista ya yi bakance ne.

Ilya ya daɗe yana kallon hotunan. Ya ce, "Ɗan banza, yana riƙe da doka." Ya juya ya ci gaba da sara, ya ce albasar shagon maƙwabci ce ke sa masa hawaye.

Sanyi ya shigo, saura kaɗan takardar Wulan ta mutu, ta fara haɗa littattafanta a kwali ba ta gaya wa kowa ba. Ran nan da hantsi, shago cike da mata masu sayen naman miya, wayar Ilya ta yi ƙara. Lambar waje ce. Ya goge hannu a riga ya ɗauka. Ba sakatare ba ne.

"Barunje."

"Ɗan masunta. Yaya ƙarni?"

"Kaina ya gaji da rana."

"Rana ba ta kashe masunci."

Ilya yana jin numfashin Hadi daga can ƙarshen duniya. Sannan Hadi ya ce, "Na sa hannu. An mayar mata da tallafinta, ba sai ta janye komai ba. Ta kammala." Sai ya ƙara da cewa, "Na ji abin da ya sami kujerarka. Zan iya yi wa wani magana."

"Kujerata ba ta cikin ciniki. Hula ɗaya, fansa ɗaya."

Ilya ya jingina da kantar shagon. Daɗi ya cika shi har yana jin kamar ya yi ihu a tsakiyar shago. Garga ya tsaya da wuƙa a sama yana kallonsa.

"To aiko mini da hulata," in ji Hadi. "Akwai jami'inmu a Paris, zai zo ya karɓa."

Ilya ya ɗaga kai ya dubi hular a kan ƙusa. Ta ɗan yi ƙura, ta kuma sha warin nama.

"Ka manta ƙarshen dokar? Hannu da hannu ake mayarwa. Ranar da Wulan za ta kare kundinta zan ajiye ta a kujerar baya, inda na zauna ranar taka. Ka zo ka zauna ka saurari abin da ta gani a tsibirinku tun daga farko har ƙarshe, ba mai tsaro, ba makirufo. In ta gama ka ɗauki abarka."

"Ilya, ni minista ne."

"Ni kuma mahauci ne, ga layi na jira na."

Ilya bai kashe wayar ba. Wata tsohuwa a gaban kanta ta fara ƙorafi a kan haƙarƙarin da ta ce a sara mata. Ilya ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ya jawo haƙarƙarin, ya ɗaga wuƙa. Sai muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa, irin ta siririn ɗalibin nan na Vaulx-en-Velin.

"Wace rana ce?"